Baƙar Tawada A Jikin Yaro: Yadda Ake Rarrabe Mai Lafiya Da Mai Haɗari

Da wuya ka shiga gida ka rasa yaro mai tawadar Allah. Wata a kumatu, wata a wuya, wata can a tafin ƙafa inda sai ranar cire ƙaya ake ganinta. Yawanci ba wanda ke damuwa da su. Amma wani lokaci sai ɗigo ya ɓullo a cinyar yarinya 'yar shekara shida, baƙi wuluk, kafin wata uku ya ninka girmansa. A nan hankalin uwa ke tashi. Yanzu kuma da waya ke hannun kowa, tambaya ɗaya a intanet ta isa ta jefo mata sunan melanoma, wato mafi munin sankarar fata. Daga nan sai ɗayan biyu: ko a ruga a cire abin ko ta halin ƙaƙa, ko tsoron abin da likita zai faɗa ya sa a rufe shi da riga a yi shiru.

Duka hanyoyin biyu kuskure ne. Mafi yawan baƙaƙen tawadoji a jikin yara lafiyarsu ƙalau, kuma tsananin baƙi shi kaɗai ba alamar cuta ba ne. Sankarar melanoma tana da wuyar samu ƙwarai a yara. A Amurka, inda ake ƙidaya ta da kyau, yara da matasa kusan 5 zuwa 6 ne a cikin miliyan ɗaya ke kamuwa da ita a shekara, galibinsu fararen fata ne da suka haura shekara 15. A yaron da bai balaga ba, balle mai baƙar fata, ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Sai dai ƙaranci ba rashi ba ne. Aikin likita shi ne ya tsamo ɗayar nan mai haɗari daga cikin dubbai, ba tare da ya bi jikin yara masu lafiya da wuƙa ba.

Daga ina baƙin yake fitowa

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta da ake kira melanosait, su ke sarrafa sinadarin melanin mai ba fata da gashi launi. Baƙi da Bature kusan adadinsu ɗaya ne, bambancin yana ga yawan melanin da suke fitarwa da yadda suke rarraba shi. Tawada tana samuwa ne idan waɗannan ƙwayoyi suka taru wuri guda maimakon su watsu. Launinta kuwa ya danganta da zurfin da melanin ɗin yake. In yana can sama kusa da ido, sai a gan shi baƙi. In ya ɗan nutsa, sai ya koma ruwan ƙasa. In ya yi zurfi sosai a cikin fata, sai ya fito shuɗi-shuɗi ko ruwan toka. Ke nan baƙi ƙirin yakan nuna cewa launin yana sama ne kawai. Yaro mai duhun fata kuma tawadarsa takan fi ta mai hasken fata duhu, domin ƙwayoyinsa sun fi aiki tun asali.

Abu na biyu da ya kamata iyaye su riƙe shi ne, fitowar sababbin tawadoji a lokacin ƙuruciya al'ada ce ta jiki. Suna fara bayyana bayan shekarun farko, su ƙaru sosai wajen balaga, su kuma girma tare da yaron. A jikin dattijo mai shekara 60, sabuwar tawada mai girma abin bincike ce nan take. A jikin yaro ɗan shekara 8, sau da yawa girma ne kawai irin na mai tasowa.

Waɗanda ake haihuwa da su

Wanda ya fi yawa a jariranmu shi ne shuɗin tabon nan mai faɗi da ake gani a ƙugu ko mazaunai ranar haihuwa. Yana da yawa ƙwarai a jariran Afirka da na Asiya. Shafaffe ne, ba tudu, ba gashi, ba ciwo, kuma yawanci yakan dushe da kansa kafin yaro ya kai shekarun shiga makaranta. Matsalarsa ɗaya ita ce yana kama da kwanciyar jini, har akan zargi ungozoma ko mai reno da bugun jariri. Shi ya sa yake da kyau ma'aikaciyar jinya ta rubuta shi a katin jariri tun ranar farko.

Sai tawadar haihuwa ta ainihi, wadda kusan jariri 1 cikin 100 ke zuwa da ita. Takan yi duhu, ta ɗan yi kauri, wani lokaci ta fitar da gashi. Gashin ba alamar sharri ba ne. Likitoci suna auna ta da girman da za ta kai idan yaro ya zama babba: ƙasa da santimita 1.5 ƙarama ce, daga 1.5 zuwa 20 matsakaiciya, sama da 20 babba, sama da 40 kuma gagaruma. Tawadar da ta kai santimita 9 a kan jariri, ko santimita 6 a gangar jikinsa, ita ce za ta kai 20 a girmansa.

Wannan awo yana da amfani domin haɗarin yana bin girman. Ƙarama da matsakaiciya, yiwuwar su rikiɗe su zama sankara bai kai kashi 1 cikin 100 ba a tsawon rayuwa, kuma in zai faru, yawanci sai bayan balaga. Babbar kuwa, wadda ake samu a kusan haihuwa 1 cikin 20,000, haɗarinta ya fi haka, musamman idan ta rufe gadon baya kuma tana da ƙananan tawadoji da yawa warwatse a jiki. Irin wannan yaro ƙwayoyin launin suna iya kasancewa har a ƙwaƙwalwa da lakar baya, su jawo farfaɗiya ko taruwar ruwa a kai. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan suna ba da shawarar a yi wa jaririn da aka haifa da tawadoji fiye da ɗaya hoton MRI na kai da baya kafin ya cika wata 6. Wannan shi ne rukunin da bai kamata a zauna da shi a gida ba ko da yaron yana wasa yana dariya.

Akwai kuma shafaffun tabbai masu ruwan ƙasa, waɗanda a baƙar fata sukan fito ɗan duhu fiye da sauran jiki. Ɗaya ko biyu ba komai. Amma idan suka kai 6 ko fiye, kowanne ya wuce milimita 5 a yaron da bai balaga ba, likita zai nemi alamun cutar gado ta jijiyoyi da ake kira nurofaiburomatosis, wadda ke samun kusan mutum 1 cikin 3,000.

Tawadar da ta rikita likitoci

Inda maganar ta fi wuya shi ne wata irin tawada da ke fitowa kwatsam, ta girma da sauri, ta kuma yi kama da sankara ko a ƙarƙashin madubin likita. A shekarar 1948, wata likitar binciken tsoka Ba'amurkiya, Sophie Spitz, da ke aiki a asibitin Memorial na birnin New York, ta wallafa bayanin yara 13 da aka ce suna da melanoma. Abin da ta lura da shi ya ba da mamaki: ɗaya ce kawai daga cikinsu cutar ta kashe, sauran suka ci gaba da rayuwarsu lafiya, alhali a manya irin wannan hoto na tsoka yakan zama ajali. Ita ta kira abin melanomar yara. Daga baya aka tabbatar cewa yawancinsu ba sankara ba ne sam, aka sa musu sunanta. Tawadar Spitz ta asali takan zama ƙaramin tudu mai santsi, ja ko ruwan hoda, a fuska ko a ƙafa, amma akwai mai duhu.

A 1975 kuma, Richard Reed na Jami'ar Tulane ya bayyana 'yar'uwarta mai tsananin baƙi. Tawadar Reed shafaffiya ce ko mai ɗan tudu kaɗan, baƙa wuluk, gefenta a fayyace, yawanci ba ta kai santimita 1 ba, kuma ta fi son cinya da sauran sassan ƙafa. Takan yi girma na 'yan watanni sannan ta tsaya. Ita ce ke tayar da hankalin iyaye fiye da kowace, domin ta haɗa abubuwa uku da aka koya wa mutane su ji tsoro: sabuwa ce, baƙa ce, tana girma. Amma wani bincike da likitocin Italiya suka wallafa a 2011, inda suka bibiyi irin waɗannan tawadoji 64 ba tare da sun cire su ba, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 sun dushe ko sun ɓace da kansu cikin kimanin shekara biyu.

Duk da haka ba a rufe babin ba. Rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya kasa dangin Spitz gida uku: mai lafiya, mai shakku a tsakiya, da sankara ta gaske. Ta tsakiyar nan ko ƙwararrun masu duba tsoka sukan saɓa a kanta. Binciken ƙwayoyin gado ya taimaka, domin an gano cewa sauye-sauyen da ke haifar da dangin Spitz, irin su na HRAS da ALK da ROS1 da NTRK1, sun bambanta da na BRAF da ake yawan samu a tawadar yau da kullum da kuma melanomar manya. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada, kuma ba kowace ƙasa ke da su a kusa ba. Abin da ke hannun yawancin likitoci shi ne tambaya, ido, da haƙurin bibiya.

Abin da likita ke yi

Yakan fara da tarihi. Da ita aka haifi yaron, ko daga baya ta fito? Yaushe aka fara ganinta? Tana girma daidai da jikinsa ko ta fi shi sauri? Tana ƙaiƙayi, tana zubar da jini, ta taɓa zama gyambo? An taɓa shafa mata wani abu ko an tsaga ta? Akwai mai sankarar fata a dangi? Sannan ya duba jikin duka, har fatar kai da tsakanin yatsu, ba tawadar da aka kawo ƙara kaɗai ba. Dalili shi ne tawadojin mutum ɗaya sukan yi kama da juna. Wadda ta fita daban da 'yan'uwanta ita ce abar lura, kamar yadda likitocin Faransa Grob da Bonerandi suka nuna a 1998.

Daga nan sai na'urar duba fata, wato damoskof, 'yar ƙaramar fitila mai gilashi da ke ƙara girman abu sau 10 tana kuma kawar da ƙyallin fata, har a ga tsarin launin da ke ƙasa. Ba ta da zafi, ba ta huda jiki. A ƙarƙashinta tawadar yara ta yau da kullum takan nuna 'yan dunƙule-dunƙule masu girma ɗaya ko tsari mai kama da raga. Tawadar Reed kuwa tana da tata siffa sananniya: baƙar tsakiya, da layuka da suka fito daga gefe ta kowace fuska daidai wa daida, abin da likitoci ke kira siffar tauraro. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce daidaito. Idan layukan sun kewaye ta baki ɗaya, alamar lafiya ce. Idan sun fito ta gefe ɗaya suka bar ɗayan, ko launuka suka cakuɗe ba tsari, to an shiga shakku.

A 2017 ƙungiyar masu amfani da wannan na'ura ta duniya ta fitar da jagora mai sauƙin fahimta, wanda ya sa shekara 12 a matsayin iyaka. Yaro ƙasa da haka mai shafaffiyar tawada da ke da daidaito, a bibiye ta lokaci-lokaci har ta daina girma. Idan tudu ce, a cire ko a sa mata ido sosai a kusa-kusa. Idan ba ta da daidaito, a cire ko shekarun yaron nawa ne. Bayan shekara 12 kuma an fi karkata ga cirewa, domin daga nan yiwuwar sankara ta fara ƙaruwa. Don haka idan likita ya ɗauki hoto ya ce a dawo bayan wata uku, ba sakaci ya yi ba. Jiran nan shi kansa gwaji ne, kuma yana aiki ne kawai idan an dawo.

Ma'aunin manya ba ya yi wa yara daidai

Mutane da yawa sun ci karo da ƙa'idar nan ta haruffa da likitocin Jami'ar New York suka fitar a 1985, aka ƙara mata harafi na biyar a 2004. Tana cewa a ji tsoron tawadar da ɓangarorinta biyu ba su yi daidai ba, mai karkataccen gefe, mai launuka da yawa, mai faɗin da ya wuce milimita 6, ko mai sauyawa. Ga manya tana da amfani sosai. Ga yara kuwa takan yi kuskure ta fuska biyu. Tana tsoratarwa a kan tawadoji masu lafiya, tunda na yara dama suna sauyawa. Kuma tana barin na haɗari su wuce. A 2013 Kelly Cordoro da abokan aikinta a San Francisco suka duba yara 70 da aka samu da irin wannan ciwo, suka gano cewa kashi 60 cikin 100 na 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, da kashi 40 na matasa, ciwonsu bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Sankarar yara sau da yawa ba baƙa ba ce. Takan zo a matsayin sabon ƙullutu ja ko mai launin fata, mai launi ɗaya, mai zubar da jini, ko da ƙarami ne. Akan ɗauke ta tusar jaki ko tsiron nama, a yi ta shafa magani watanni suna wucewa. Wannan darasi ne babba: iyaye suna tsare baƙin ɗigo da ido, alhali jan ƙullutun da ya ƙi warkewa ya fi cancantar a kai shi asibiti.

Tafin ƙafa da farce

Yawancin binciken da aka ambata a kan yara fararen fata aka yi shi, don haka akwai abin da ya kamata a ƙara game da namu. A baƙaƙen mutane melanoma ba ta cika bin inda rana ke duka ba. Ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma cutar manya ce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley irinta ce ta kama shi a babban yatsan ƙafa a 1977, ta yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36. A asibitocinmu ma yawanci dattawa ne ke zuwa da ita a tafin ƙafa bayan ta riga ta zama gyambo.

Wannan ya sa wasu ke zaton duk ɗigon da ke tafin ƙafar yaro haɗari ne. Ba haka ba ne. Tawada a tafin hannu da ƙafa ta fi yawa a masu duhun fata, kuma galibi lafiya lau take. Likitocin Japan, musamman Toshiaki Saida, sun gano hanyar rarrabewa. Zanen tafin hannu da ƙafa kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, akwai kunya akwai kwari. A tawada mai lafiya launin yakan bi kwarin. A sankara yakan hau kan kunyar. Da damoskof ana ganin wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka nan baƙin layin da ke bin tsawon farce: a yara kusan kullum ba cuta ba ce, sau da yawa tawada ce a tushen farcen, ko da ta yi duhu da faɗi. Ana bibiyarta da hoto, ba a gaggawar yanka tushen farce, domin yana iya lalata shi har abada.

Akwai yaran da hukuncinsu ya bambanta da na kowa. Zabiya ba shi da kariyar melanin, kuma duk wani gyambo ko ɓawon da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuya dole a duba shi da wuri, ko da yake sankarar da ta fi kama su wata iri ce daban. Sai yaran da ke da cutar gado ta rashin jure rana, wadda ake kira zerodama, da aka fi samu inda auren zumunci ya yi yawa: tun suna shekara ɗaya ko biyu fuskarsu ke cika da ɗigo-ɗigon baƙi, idanunsu ba sa son haske. Su kan iya kamuwa da sankarar fata tun kafin shekara 10. Haka ma yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni ko wanda aka taɓa yi wa maganin sankara.

Idan za a cire

Babban abin da nake roƙon iyaye shi ne kada a hallaka shaidar. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɗaure da zare, kada a ƙona da ƙarfe ko ruwan batir ko soda, kada a shafa man bilicin, kada a yarda wani shagon gyaran jiki ya goge ta da na'ura. Idan tawadar mai lafiya ce, an jawo wa yaro tabo, kuma baƙar fata tana saurin yin tabo mai kumbura wanda ya fi tawadar muni. Idan kuma mai haɗari ce, an goge samanta an bar saiwarta, an kuma rasa damar sanin ko mece ce. Ko mai lafiyar ma, in ta sake tsirowa a cikin tabo takan rikiɗe ta yi kama da sankara a madubi, ta jefa likita da iyaye cikin ruɗanin da babu dalilinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Cirewa ta gaskiya aiki ne ƙarami. A yi allurar kashe zafi, a yanke tawadar gaba ɗayanta har zurfinta tare da ɗan gefe na milimita 1 zuwa 2, a ɗinke, a sa naman a ruwan fomalin a aika ɗakin binciken tsoka. Mai dubawa yana bukatar ganin ta cikakkiya domin ya auna daidaitonta da yadda ƙwayoyin ke ƙanƙancewa yayin da suke nutsawa, kuma dole a rubuta masa shekarun yaron. Likitocin fata sun yi ƙaranci a ƙasashenmu, amma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen binciken tsoka. Haƙƙin iyaye ne su tambaya: an aika naman? Yaushe sakamako zai fito? Su kuma karɓi takardar su adana.

Abin da ke hannun iyaye

Ba sai da na'ura uwa za ta taimaki likita ba. Ta ajiye rula kusa da tawadar, ta ɗauki hoto da waya a hasken rana, ta rubuta kwanan wata, ta maimaita bayan wata uku. Hotuna biyu irin waɗannan sun fi dogon bayani amfani. A tafi asibiti ba tare da jira ba idan tawada tana zubar da jini ba tare da an ji mata ciwo ba, ko ta zama gyambo, ko wani ƙullutu ya taso a cikinta, ko gefe ɗaya ya bar ɗayan a girma, ko tana ci gaba da faɗaɗa bayan watanni da yawa, ko sabon tsiro kowane launi ya wuce wata guda yana ƙaruwa, ko kuma jariri ya zo da babba ko masu yawa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, a nuna wa likita a ziyara ta gaba, a bar yaro ya yi wasansa. A kuma kula da bakin da ake magana da shi a gabansa, domin yaron da ya ji ana ta jajanta abin da ke fuskarsa zai fara ɓoye ta, alhali lafiyarsa ƙalau. Likitocinmu da ma'aikatan jinya na matakin farko su ma suna da nasu: su koyi amfani da damoskof, su riƙa ɗaukar hoto, kuma duk abin da suka yanke daga fatar yaro su aika shi bincike.